Mai Lilo, Mai Aron Tsofaffi

Shekarun baya, ina zaune a kujerar mai aski, kumfa ta rufe mini rabin fuska, sai ya tsayar da askarsa ya ce wai akwai wani mutum a garin nan da yake yawon aron tsofaffi. Wai in an gama sabon gini, banki ne ko asibiti ko otal, kafin a buɗe sai mutumin ya zo da wani inji mai ƙafa ɗaya, ya fesa wa daɓen ruwa, injin ya shuri ƙasa, sannan ya shiga unguwa ya aro tsoho ya sa shi ya taka. Wai yana iya hana a buɗe ƙaton bene saboda santsi kawai. Sai mai aski ya rage murya, ya ce amma duk wannan ikon a waje ya tsaya. A gida matarsa ta zaɓi wani tayil mai ƙyalli kamar madubi an sa mata a falo, ko kyanwa ta shiga da gudu sai ta tsinci kanta a kicin. Na ce masa ya ƙarasa askin tukuna, don ba na son mutum yana shara ƙarya alhali askarsa tana wuyana.

Wannan mutumin kai ne, Mai Lilo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ƙaninka ya kira ni ya ce ka cika, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. A kan gadonka ka tafi, kana salati, iyalinka suna kewaye da kai. Kai da ka ƙare rayuwarka kana hana mutane faɗuwa, Allah ya ɗauke ka a kwance cikin natsuwa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma ka yi mini afuwa in ka ji muryata tana tashi a wurin da ya kamata ta kwanta. Ina da labarin da zan ba ka, mai daɗi ne ƙwarai, kuma ba ka tsaya ka ji shi ba.

Bari in faro daga farko, don masu karatu su san wa muka rasa.

Ni gyaran agogo na yi har idona ya ce ya gaji. Ina gab da rufe shagon ne ka shigo wata rana da akwatin katako, ka ajiye shi a kan teburina a hankali kamar mai ajiye jariri. Ka buɗe, ka haɗa wani abu mai ƙafafu uku, da hannun ƙarfe guda da yake lilo, a bakin hannun an ɗaura 'yar roba kamar dunduniyar takalmi. Ka ce allurarsa ce take maƙalewa, kuma an ce maka duk garin ba wanda ya san cutar allura kamata. Na tambaye ka aikinsa. Ka ɗaga hannun sama ka sake shi, ya sauko ya gogi simintin shagona ya haye ɗaya ɓangaren, allurar ta bi shi ta tsaya. Ka ce in daɓe yana da kaushi zai riƙe robar, hannun ba zai yi nisa ba. In kuwa yana da santsi, hannun zai wuce fuu kamar ba abin da ya taɓa, kuma haka dunduniyar mutum za ta wuce. Ina jin haka na ajiye tabarau na ce, "Kai ne mai aron tsofaffin?" Ka yi dariya har ka riƙe teburin. Ka ce, "Baba, ashe labarina ya riga ni zuwa. To tunda kai ka ɗauko zancen, ranar Alhamis kana da aiki?"

Ranar Alhamis ɗin na sa rigar da nake ajiyewa don ɗaurin aure. Ka kai ni wani sabon ɗakin sayar da magani, daɓensa fari tas, ma'aikata suna ta goge gilashi. Na zaci ana zuwa za ka ce in taka. Ina! Ka zaunar da ni a kujera, ka sa aka kawo mini ruwa, ka durƙusa da injinka. Ka buga daɓen da shi a bushe, ka fesa ruwa ka sake bugawa. Ka juya injin ya kalli ƙofa, ka juya shi ya kalli bango, ka karkata shi, don ka ce daɓe yakan riƙe ƙafa ta nan ya sake ta ta can. Ka buga a bakin ƙofa inda ruwan sama yake shigowa da takalma, ka buga a gaban kanta inda mutum yake juyawa da kaya a hannu. Ka aika a kira mai mopa ta zo da bokitinta da sabulun da take sawa kullum, ta goge wurin kamar yadda ta saba, ka sake bugawa, don ka ce daɓen da jama'a za su taka shi ne wanda aka yi wa mopa, ba wanda ya fito daga kwali ba. Sai da allura ta gamsar da kai a ko'ina sannan ka ɗaura mini wani faffaɗan bel a ƙugu, mai mariƙi ta baya. Ka ce ba ka taɓa ɗora tsoho a daɓen da inji ya ƙi ba, kuma ba za ka fara a kaina ba.

Na yi tafiya kana biye da ni. Ban zame ba ko kaɗan, har na fara taƙama. Da muka kai ƙarshe sai ka ce, "Baba, me ya sa ka ɗaga ƙafa a tsakiya?" Na ce ban ɗaga ba. Ka mai da ni wurin. Ashe akwai wani baƙin layin ado da aka ratsa a cikin farin tayil, idona ya ɗauke shi matakala, ƙafata ta ɗaga da kanta ban sani ba. A nan na gane abin da kake nema a wurinmu. Ba so kake ka ga ko za mu faɗi ba. So kake ka ga inda muke jin tsoro: inda muke gajarta taki, inda hannu yake neman bango, inda hasken taga yake sa busasshen daɓe ya yi kama da jiƙaƙƙe. Ka ce inji ba ya jin tsoro, shi ya sa rabin labari kawai yake ba ka.

Daga nan na zama ɗan gari. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Mun kai wata 'yar runduna: akwai tsohon direban babbar mota mai jan ƙafar hagu, akwai tela mai sanda, akwai wani malamin makaranta mai ritaya da yanar ido ta fara rufe masa gani. Ka san kishin da ka haddasa a tsakaninmu kuwa? In ka ari direba sau biyu a jere, sai tela ya daina amsa masa sallama da kyau. Direba yakan ce shi ake kai wa manyan wurare saboda ƙafarsa tana da ilimi, tela ya ce ai jan ƙafa ba ilimi ba ne, share ƙasa ne kyauta. Mu da 'ya'yanmu suka mayar kayan ajiya, a ce mana zauna, kada ka ɗauka, bari a kawo maka, sai ga mutum yana zuwa har ƙofar gida da mota yana neman abin da mu kaɗai muke da shi, wato tsufan ƙafa. Kuma in ka dawo da mu sai ka raka mu har ciki, ka ce wa iyali, "Ga amanarku, ku duba, ba inda ta kwarzane."

Masu gine-gine ba duka suka so ka ba. Na tuna mai otal ɗin nan da ya shimfiɗa dutse mai sheƙi tun daga bakin ƙofa, yana ta nuna mana fuskokinmu a ciki. Ka fesa ruwa ka saki hannun injin, ya wuce kamar an kore shi. Mutumin ya ce ai ba a ruwa a cikin otal. Ba ka yi musu da shi ba. Ka nuna masa lemar da ke hannun direbansa, tana ɗiga a kan dutsen. Sannan, kuma wannan ne halinka da na fi so, ba ka bar shi da baƙin labari ka tafi ba. Ka zauna ka faɗa masa maganin da za a wanke dutsen da shi ya yi ɗan kaushi ba tare da kyansa ya tafi ba, da irin tsawon shimfiɗar goge ƙafa da za a sa a ƙofa don takalmi ya bushe kafin ya hau dutse, da inda za a kafa ƙarfen riƙewa. Ya yi fushi ranar, amma shi ne daga baya yake kiranka duk lokacin da zai canza ko sabulu.

Wurin alwalar masallacin unguwarmu ma ba wanda ya kira ka. Ka ga ladan ya dafe bango yana sa takalmi, washegari sai ga ka da wasu siraran faifai masu kaushi kamar yashi, ka durƙusa kana mannawa a gefen kowace matakala har gwiwar wandonka ta jiƙe. Haka ka yi wa makarantar 'yan mata, haka ka yi wa gidan marayu. In an yi maka godiya sai ka ce aikinka shi ne aikin da ba a gani, domin wanda bai faɗi ba bai san an cece shi ba.

To, yanzu na zo kan abin da ya sa nake ta zumuɗi.

Uwar 'ya'yana ungozoma ce, a asibiti ta yi aiki har ta yi ritaya. Abokan aikinta Guguwa suke ce mata, don ba ta iya tafiya a hankali ba. Tun muna sabon aure in muka fita ni nake bin bayanta ina haki. Wata rana da damina ta shiga babban kantin da ke bakin titi sayen sabulu, takalminta a jiƙe, daɓen kuwa sumul. Ƙafa ta tafi, ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi aiki, ƙashi ya haɗe, likita ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna mana ya ce ta warke sarai. Amma Guguwa ba ta tashi ba. Duniyarta ta koma gado, da kujerar da ke gindin taga, da bayi, hannunta kullum a bango. Har yau akwai wani dogon layi mai duhu a bangon ɗakinmu, sawun tafin hannunta ne. Aka yi bikin jikarta ba ta je ba. Ƙanwarta ta kwanta ciwo, ta waya ta gaishe ta. Likita ya ja ni gefe ya ce ƙafar da ba ta tafiya ƙanƙancewa take yi, in aka ci gaba a haka tsoron zai zama gaskiya, ranar da za ta so tashi ƙafar ce za ta ƙi. Na yi lallashi, na yi faɗa, 'ya'ya sun sayo sanda mai ƙafa huɗu, ta rataya ɗankwali a kanta. Na fara shirya zuciyata cewa a kujerar nan za ta ƙare.

Ban roƙe ka komai ba. Ka dawo da ni gida ne wata rana ka hango ta ta taga. Bayan kwana biyu ka zo da akwatinka, ka gaishe ta, ka ce kana so ka gwada allurar da na gyara. Ka buga falonmu, ka buga bayi, ka buga kicin, tana kallonka daga kujera. Ka juyar da injin yadda za ta riƙa ganin allurar da idonta. Ba ka ce mata ta tashi ba. Ka sha ruwa ka tafi.

Da ka sake dawowa na ɗauko hulata, na zaci ni za a ara. Ka ce, "Baba, yau hutawa za ka yi, wurin Inna na zo." Ka durƙusa a gabanta ka ce an gama sabon ɓangaren haihuwa a wani asibiti, inji ya yarda da daɓen, amma kai ba ka yarda da kanka ba.

Ta ce, "Ka ɗauki Malam mana. Ai shi ne ɗan gaban goshinka."

Ka ce, "Inna, Baba ya taɓa haihuwa?"

Ta ce, "Ko ɗakin bai taɓa yarda ya leƙa ba. A bakin ƙofa yake tsayawa yana jan carbi kamar shi ake wa aikin."

Ka ce, "To kin gani. Ni ban san inda faya take fashewa ba. Ban san inda mai naƙuda take tsayawa ta dafa ba, ban san ta ina nas take gudu da jariri a hannu ba. In na sa hannu a kan abin da ban sani ba, wata ta faɗi da ciki, wa za a tambaya?"

Ta kalli taga ta ce, "Ina suka sa bayin masu jego?" Ka ce a ƙarshen baranda. Ta ce, "A ƙarshen baranda? Wane marar tausayi ne ya zana wannan?" Mai Lilo, na rantse a lokacin na ga murmushi yana neman ƙwace maka, ka sunkuyar da kai don kada ta gani.

A kujera mai taya muka kai ta har bakin barandar. Ka ɗaura mata bel ɗin a kan mayafi. Ta ce, "Za ka sake ni in na yi nisa, na san irin dabararku." Ka ce, "Inna, ban taɓa sakin bel ban faɗa ba. In na yi miki haka sau ɗaya, gobe wa zai yarda da ni?" Ta miƙe. Takin farko kamar mai taka ƙwai, na biyu haka, hannunta yana lalube a iska yana neman bangon da ba ya kusa. Ni ina gefe, carbin da ta yi mini gori a kansa yana hannuna. Sai ta hango wurin wanke hannu. Ta ce wa ya sa famfo a nan, ruwa zai riƙa fantsama daidai inda ake turo gado. Ta matsa ta nuna. Daga nan ta hango ƙofar ɗakin haihuwa ta ce wannan ƙofar ciki take buɗewa ko waje, ta matsa ta tura. Injiniyan wurin, yaron kirki, yana biye yana cewa to Mama, to Mama. Kafin in ankara takinta ya buɗe, mayafi ya fara tashi ta baya, kai kuma kana riƙe da bel kana 'yar sassarfa! Guguwa ce, wallahi, Guguwar da na aura! Na ji kaina ina ihu a cikin asibiti ina cewa a hankali, ni da na shekara ina roƙon ta taka. Da kuka kai ƙarshe ta juyo ta ce maka, "Kai, ɗan nan, ba ka da sauri." Ka zauna a ƙasa kana haki kana dariya, hawaye yana zubo maka.

Tun daga ranar ta koma tafiya, ta kuma ƙwace mini matsayi, har direba da tela suka haɗe kai a kanta. Amma tafiyar da sharaɗi. Duk inda za mu, tambayarta ɗaya ce: Mai Lilo ya buga wurin? In ka buga, za ta shiga ko ba ka nan. In ba ka buga ba, ko a bakin ƙofa aka ajiye mata zinariya ba za ta sauka daga mota ba. Ni wannan ya ishe ni godiya. Kai ne bai ishe ka ba. Ka ce mini, "Baba, tafiya take yi, amma har yanzu ina riƙe da bel ɗin. Ba zan iya buga duk garin nan ba, kuma ba zan dawwama ba." Ka riƙa koya mata abin da kake yi in ba inji a hannunka: ta goga tafin ƙafa ko na takalmi a bakin ƙofa ta ji ko daɓen yana kamawa, ta duba inda haske yake kwance, ta gajarta taki in ƙasa ta jiƙe. Tana sauraro, tana cewa to, amma ba ta taɓa gwadawa ba.

Gidanka kuwa ta ƙi zuwa sam. Labarin mai aski ya kai kunnenta, direba ma ya rantse ƙanwar matarsa ta ga tayil ɗin da idonta. Mu maza a ɗakin gaba kake karɓar mu, inda kake ajiye injin, ba wanda ya taɓa shiga falon maiɗakinka. Na taɓa tambayarka gaskiyar maganar. Ka yi dariyar nan taka ka ce, "Tayil ɗin yana nan, Baba. Ka ce wa Inna ta zo ta gani." Na kai mata saƙo, ta ce ka gaishe da mutanen gidan.

Ranar da labarin rasuwarka ya zo, ta koma kujerar gindin taga. Hannunta ya koma bango, daidai kan tsohon layin. Na ce mu je ɗakin maganin nan da ka buga tun farko, ta ce wanda ya tsaya wa daɓen ya tafi, wa ya san sabulun da suke sawa yanzu. Na je jana'izarka ni kaɗai. A maƙabarta ina kukan rashinka, ina kuma kukan abin da na baro a gida, don na ga kamar ka tafi da ƙafafunta.

Ranar addu'ar uku aka tashi da ruwan sama. Ina neman lemata sai na ji motsi a bayana. Ta yi shiri tsaf, ta sa takalminta mai ƙasan roba. Ta ce, "Malam, baiwar Allahn nan, matar Mai Lilo, tana zaune a cikin mutane, amma ita kaɗai ce. Mijinta ya zo har ɗakina ya ɗauko ni. Ba zan aika mata da gaisuwa a bakinka ba." Na ce ga ruwa, ga kuma falon nan da ake faɗa. Ta ce, "Na sani. Kira mai mota."

A ƙofar gidanka maza suna zaune ƙarƙashin rumfa. Daga inda na zauna ina hango ƙofar shiga ciki, takalman mata jibge a jiƙe, ruwa ya kwanta a dokin ƙofar, kowace ta shiga da danshi a ƙafa. Ba bel, ba inji, ba kai. Ni kuma ba ni da ikon bin ta cikin mata. Ta tsaya a bakin ƙofar. Na ga ta cire takalmi, ta miƙa ƙafar dama ta goga a ƙasa, sau ɗaya, sau biyu, kamar yadda ka koya mata. Ta gyara mayafi. Ta shige.

Liman yana addu'a ina cewa amin, amma Allah ya yafe mini, kunnena yana cikin gida yana jiran ƙarar faɗuwa da salatin mata. Tela ya dafa gwiwata, direba ya daina jan carbi. Ba mu ji komai ba. Aka shafa, aka sake wata addu'ar, aka shafa. Sai ga ta ta fito, da saurinta, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Na tashi a firgice na zaci kuka take yi. Kuka ne, amma da dariya a cikinsa.

Ta ce, "Malam, gaskiya ne! Tayil ɗin yana nan, yana ƙyalli kamar madubi. A bango ya manna shi!"

Ashe maiɗakinka ce ta gan shi a kanti ta ce duniya ba abin da take so sai shi. Ka je ka buga shi a can, hannun injin ya wuce fuu. Ba ka iya ce mata a'a ba, ba ka kuma iya shimfiɗa mata abin da zai karya ta ba. Ka saye shi, ka bari ta tafi ganin gida, ta dawo ta tarar da shi tun daga ƙasan bango har sama, a ƙasa kuma wani tayil marar sheƙi mai kaushi kamar harshen kyanwa. Maiɗakin naka ta ce ta yi kwanaki ba ta yi maka magana ba, har ta lura duk inda ta juya a falon tana iya gyara ɗaurin ɗankwalinta. Tana ba da labarin tana kuka, matan da ke wurin suna kuka suna dariya. Ita kuwa tawa ta ce sai da ta kai tsakiyar falon, idonta a ƙasa, sannan ta ɗaga kai ta ga wata tsohuwa a bango tana tafiya ita kaɗai ba mai riƙe da ita, ta ce wace ce wannan, ashe ita ce.

Mai Lilo, ba ta san a bango yake ba lokacin da ta shiga. Wannan nake so ka ji. A kan hanyar komawa ta sa mai mota ya tsaya a babban kantin nan na bakin titi, inda ta faɗi. Ta goga ƙafa a ƙofa, ta shiga, ta sayi sabulu, ta sa aka kira mata mai kula da wurin ta ce masa shimfiɗar ƙofarsu ta yi gajarta. Ni ina bayanta ina haki. Ka saki bel ɗin, kuma kamar yadda ka yi alkawari, sai da ka faɗa kafin ka sake shi, tun ranar da ka ce ba za ka dawwama ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Yadda ka tsare ƙafafun bayinsa, waɗanda suka san ka da waɗanda ba su taɓa jin sunanka ba, Allah ya tabbatar da dugaduganka a kan siraɗi, ya sa ka wuce ba tare da ka zame ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, Allah ya ba ta haƙuri ya zama gatanta, da 'ya'yanka, da ƙaninka da ya kira ni, da mu tsofaffin da aka bari ba mai aro. Allah ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Labarin tayil ɗin nan na fara jin sa a bakin mai aski na ƙaryata shi, na ji a bakin direba na ce ƙari ne, kai kanka ka ba ni rabinsa ka riƙe rabi. Wadda ta ba ni shi a ƙarshe, cikakke, tana tsaye a kan ƙafafunta a ƙofar gidanka ruwa yana sauka, ita ce uwar 'ya'yana, Guguwa.